Manhajar tsara abincin tsofaffi: abin da ta iya da abin da ya gagare ta a madafarmu ta Sakkwato

Gidan da nake kula da sashen abincinsa ƙarami ne, kuma bai yi kama da gidajen tsofaffin da ake ba da labari a Ingila ko Amurka ba, domin a Sakkwato har gobe abin kunya ne mutum ya ɗauki mahaifinsa ya kai wani wuri a riƙe masa shi. Waɗanda ke wurinmu dattawa ne da 'ya'yansu suka riga su gidan gaskiya, ko waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, ko waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka shigo birni ba su da kowa. Mutum 19 ne ke kwana a gidan, sannan akwai wasu 26 da muke aika wa abinci har gidajensu a Mabera da Kanwuri da Runjin Sambo da Minanata. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ba masaniyar kwamfuta ba, saboda haka abin da zan faɗa game da manhajar da muka yi shekara guda da 'yan watanni muna aiki da ita ra'ayi ne na mai tsayuwa tsakanin tukunya da bakin marar lafiya.

Abu biyu ne suka kai mu ga neman manhaja. Na farko tsada ce, domin bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin cefane ya riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma a tsakiyar 2024, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, masu ɗaukar nauyin gidan suka fara tambayar inda kowane mudu yake shiga. Na biyu ya fi tayar mini da hankali. Wata sabuwar yarinya da aka ɗauka aiki ta miƙa wa wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki kwanon dambu da aka zuba wa maƙwabcinsa, ya ƙware har idanunsa suka firfito, kuma da ba ina kusa ba da labarin ya sha bamban. Ba laifin yarinyar ba ne, tunda bayanin wanda ba ya iya haɗiyar busasshen abinci yana cikin kaina ne da kan uwar madafa, sai wani littafi da mai ya ɓata rabin shafukansa.

Akwai manyan manhajoji da aka sani a wannan fage, irin su MealSuite da Computrition da MealTracker, waɗanda aka ƙera domin asibitoci da gidajen tsofaffin Amurka da Kanada. Tamu ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Wani ƙaramin kamfani ne na ƙasar waje ya yi ta, muka same ta ta hannun wakilinsa a Najeriya, amma tsarinta bai fita daga nasu ba: a buɗe wa kowane mutum shafi, a rubuta cututtukansa da abin da likita ya hana shi da laushin abincin da yake iya haɗiya, a tsara jadawalin girki na mako huɗu mai zagayowa, ita kuma ta fitar da katin kowane kwano da lissafin abin da za a auna a sito da jerin abin da za a sayo. Tana aiki a kwamfutar ofis da kuma wayar hannu.

Tun ranar farko muka gane ba da mu aka yi shawarar ƙera ta ba. Ba ta yarda a buɗe shafi sai an sa ranar haihuwa, alhali yawancin dattawanmu da abin da ya faru suke lissafin shekarunsu. Wani ya ce an haife shi shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, sai muka rubuta 1938, wata kuma ta ce tana goyon ɗanta na fari aka kashe Sardauna, sai muka ƙiyasta daga 1966 muka koma baya. Rana da wata kuwa ɗaya ga Janairu muka sa wa kowa, shi ya sa da sabuwar shekara ta kama manhajar ta tashe mu da saƙon a shirya wa mutum talatin da wani abu walimar zagayowar ranar haihuwa. Wannan abin dariya ne kawai. Wanda ba na dariya ba shi ne harshe, domin Turanci zalla take ji, masu girkinmu kuwa Hausar boko da ajami suke karantawa. Mun samu mafita ta rubuta umarni da Hausa a gurbin ƙarin bayani, amma idan aka buga katin a firinta haruffa masu lanƙwasa ba sa fita, sai ka ga alamar tambaya a inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata su zauna. Mun kai ƙara sau uku kafin a gyara, kuma an ɗauki wata huɗu.

Duk da haka katin kwanon nan shi ne abu na farko da ya biya kuɗinsa. Kowane kwano yana fita daga madafa da takarda mai ɗauke da suna da lambar ɗaki da launi, kuma launin yana nuna matakin laushin abinci bisa tsarin da ake kira IDDSI, wanda masana matsalar haɗiya na ƙasashe da dama suka haɗu suka tsara. Tsarin yana da matakai takwas, daga sifili zuwa 7, abin sha yana daga sifili zuwa 4, abin ci kuma daga 3 zuwa 7. Mataki na 4 shi ne abincin da aka markaɗa ya yi sumul babu gudaji, na 5 wanda aka daddatsa gutsattsarinsa ba su wuce milimita 4 ba kuma yana da danshi, na 6 mai laushi da aka yanka lomar da ba ta wuce milimita 15 ba, na 7 kuwa abincin kowa. Idan aka yi kuskuren sa dambu ko ƙosai a kwanon wanda ke mataki na 4, manhajar ba ta bari a buga katin sai an gyara, kuma tun da muka fara aiki da ita ba a sake musayar kwano ba.

Sai dai a nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, domin manhajar ta san matakan amma ba ta san abincinmu ba, kuma mu ne muka zauna muka gwada kowane girki muka gaya mata matakinsa. Gwajin abin sha da sirinji mai cin mililita 10 ake yinsa: a cire allura, a toshe bakin da yatsa, a cika, a saki na daƙiƙa 10, sannan a duba abin da ya rage. Idan bai kai mililita 1 ba ruwa ne tsararo, daga 1 zuwa 4 mataki na 1, daga 4 zuwa 8 mataki na 2, fiye da 8 mataki na 3. Da muka gwada kunun tsamiya da koko sai muka ga abin da kowace mace ta sani ba tare da sirinji ba, wato kunu yana ƙara kauri idan ya huce, ta yadda wanda ya bar murhu yana mataki na 2 zai iya isa ɗakin ƙarshe yana mataki na 3. Dole muka mayar da gwajin zuwa lokacin miƙawa, ba lokacin saukewa ba. Tuwon shinkafa kuma, da kowa ke ɗauka abincin marar haƙori ne, ya faɗi gwajin cokali saboda danƙonsa, domin ƙa'idar mataki na 4 ita ce idan an karkata cokali abincin ya zame ya faɗi, kada ya manne, tunda abin da ya manne a cokali zai manne a maƙogwaro. Fura da nono ita ce ta fi ba mu wahala. Idan ba a dama ta sosai an tace ba, tana zama ruwa da gudaji a haɗe, kuma wannan haɗin yana daga cikin mafi haɗari ga mai raunin haɗiya, saboda ruwan yana riga gudajin wucewa. A Sakkwato kuwa ba ka isa ka hana tsoho fura ba, sai dai ka gyara yadda ake dama ta.

Ɓangaren da kamfanin ya fi tallatawa, wato lissafin sinadaran abinci, shi ne ya fi ba ni kunya. Rumbun bayanan da ta zo da shi na abincin Turawa ne, akwai cuku kala-kala da burodi iri-iri, amma babu kuka, babu daddawa, babu yakuwa, babu zogale, gero da dawa kuma suna nan a matsayin ƙwaya ba a matsayin tuwo ba. Wani jami'in abinci na asibiti da ke taimaka mana kyauta ranar Asabar ya kawo jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012 ta kuma faɗaɗa a bugun 2019, muka riƙa kwafe alƙaluman da hannu ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci mana kusan mako shida, kuma ko bayan nan lissafin miya ƙiyasi ne, domin miyar kukar yau ba ita ce ta gobe ba, ya danganta da hannun wadda ta kaɗa da yawan ruwan da aka tsayar.

Misalin da ya fi nuna girman giɓin shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma fiye da rabin dattawanmu suna da hawan jini. Manhajar tana ƙirga gishirin da aka auna da cokali, ta nuna kore, ta ce komai lafiya. Ba ta san dunƙulen ɗanɗanon miya ba, wanda kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne, ba ta kuma san kanwa ba, wadda ake sa wa a tuwo da miyar kuɓewa da wake domin su yi laushi, alhali ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam ɗin da ke tayar da hawan jini. Da muka shigar da su da hannu sai koren ya koma ja a kusan kowace rana ta mako. Ban ɗora wa kamfanin laifin rashin sanin kanwa ba, amma na ɗora masa laifin nuna kore da cikakken tabbaci a kan girkin da bai san rabin abin da ke cikinsa ba. Da ma ta ce bayanin bai cika ba, da ya fi gaskiya, kuma da ba ta kwantar wa marar sani hankali a banza ba.

Lissafin sito yana tsaka-tsaki. Da kilo da lita take aiki, mu kuwa da buhu da tiya da mudu da kwalba muke saye, kayan miya kuma da kwando ko kashi, bayan ciniki, a Kasuwar Daji. An gina ta ne bisa zaton akwai dillali ɗaya mai kawo kaya da takardar farashi tsayayye, don haka gurbin odar kaya bai yi mana amfanin komai ba. Abin da muka yi shi ne sayen sikeli, muka auna mudunmu na sito da gero da dawa da shinkafa da wake, kowanne daban, muka kuma auna malmalar tuwo da ludayin miya. A nan muka gano abin da ya wanke mai kula da sito daga zargin da aka daɗe ana yi masa a ɓoye. Hatsin da ya fita daga buhu ba shi ne garin da ke shiga tukunya ba, domin tsakanin surfe da bakace da wanki da niƙa da tankaɗe ana rasa wani kaso da ke tafiya a dusa da tsaki, kuma ba wanda ya taɓa rubuta shi. Da muka sa wannan ragin a cikin manhajar sai lissafin wata ya riƙa zuwa daidai da abin da ke ƙasa, masu ɗaukar nauyin gidan kuma suka samu takardar da suke iya karantawa. Ba zan ce ta rage mana kuɗin cefane da yawa ba, amma ta rage tuwon da ke kwana, tunda yanzu uwar madafa ta san malmala nawa za ta kwashe kafin ta ɗora ruwa.

Abin da ya sa har yau ban yarda a daina biyan kuɗinta ba wani shafi ne da ba a ko ambata mana shi a lokacin talla ba. Bayan kowane cin abinci mai kwashe kwanuka tana danna abin da mutum ya ci: duka, ko kashi uku cikin huɗu, ko rabi, ko rubu'i, ko bai taɓa ba. Idan cin mutum ya yi ƙasa da rabi kwana uku a jere, sunansa yana fitowa a saman allo da safe. Amfanin wannan ba zai bayyana ba sai ga wanda ya yi aikin karɓa-karɓa. Mai aikin safe tana ganin Inna ta bar koko, ta ce yau ba ta jin daɗi ne, mai aikin rana ta ga ta bar shinkafa, ta ce zafi ne, mai aikin dare ta ga ta bar tuwo, ta ce ta ƙoshi da rana. Kowacce sau ɗaya ta gani, kuma kowacce tana da uzuri mai ma'ana, ba wadda ta ga ukun a haɗe. Haka ya faru da wata dattijuwa mai kawaici da ba ta taɓa cewa wani abu yana damunta ba. Da sunanta ya fito na je na zauna kusa da ita na ce, “Inna, me ya hana ki cin abinci?” Ta ce, “Lahiya lau nike, ɗiyata.” Sai da na lallashe ta ta buɗe baki na ga dasashinta ya kumbura a gindin wani haƙori da ke girgiɗi. An cire haƙorin, aka sauko da ita mataki na 5 na mako biyu, cinta ya dawo. A zamanin littafi da sai zanenta ya fara kwancewa a ƙugu kafin mu lura.

Shafin nan yana da makanta tasa, kuma wani dattijo ne ya nuna mana ita. Kullum kwanonsa wayam yake dawowa, allo yana nuna ya cinye duka, amma awon nauyi na wata-wata, wanda shi ma manhajar ke ajiyewa ta zana shi a layi, ya nuna yana ramewa, har ya kusa rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata uku, wanda a aikin jinya alama ce da ba a wasa da ita. Da aka sa ido sai aka ga yana cin loma uku ya miƙa sauran ta taga ga wani almajiri da ya saba tsayuwa a wurin. Na ce masa, “Baba, wannan abincin naka ne, likita ne ya auna maka.” Ya dube ni ya ce, “Ɗiyata, ƙaƙa zan ci yaro na tsaye shina kallona?” Ban sami amsar da zan ba shi ba. Dattijon da ya yi shekara sittin yana rage wa yara abinci a akushi ba zai daina don an buga masa kati ba. Abin da muka yi shi ne ware wa yaron nasa kwanon daga abincin sadaka da sharaɗin Baba ya cinye nasa, kuma a ga ya ci. Irin wannan ya fi yawa a wurin waɗanda muke aika wa gida, inda kular mutum ɗaya take zama abincin jikoki huɗu, kuma mai kai abincin ba ya tsayawa ya ga wanda ya ci. Ga waɗannan awon nauyi ne kaɗai abin dogaro.

Akwai kuma raunin da ke wurinmu ba wurin manhajar ba. A watannin farko na lura wata ma'aikaciya tana danna “duka” ga kowa cikin minti ɗaya, ba don mugunta ba, sai don tana ganin rubuta “rubu'i” kamar kai ƙarar kanta ne cewa ba ta kula da mutanenta ba. Sai da na tara su na bayyana cewa ba a hukunta kowa saboda tsoho bai ci ba, ana hukunci ne idan aka ɓoye. Manhajar tana rubuta sunan wanda ya shigar da bayani da lokacin da ya shigar, kuma wannan ya taimaka wajen gano matsalar.

Shafin ruwa ma ya yi mana rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, tsoho kuwa ƙishirwarsa tana raguwa da shekaru, yana iya yini bai nemi ruwa ba har ya fara ruɗewa a yi zaton tsufa ne. Shawarar da masana abincin tsofaffi na Turai suka bayar ita ce a ba mace aƙalla lita 1.6 na abin sha a yini, namiji kuma lita 2, kuma a ƙara idan ana zafi, sai fa wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Mun auna kofin da muke amfani da shi, muka sa kunu da zoɓo marar sukari da nono a cikin abin da ake ƙirgawa, kuma da la'asar allo yana nuna waɗanda ba su kai rabin rabonsu ba.

Azumi ne ya tona asirinta gaba ɗaya. Lokutan cin abinci uku ta sani, safe da rana da dare, da 'yan abin taɓawa a tsakani, ba ta san sahur da buɗa-baki ba, kuma ba ta san watan da farkonsa ke jiran sanarwar Sarkin Musulmi da daddare ba. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, mu kuma ba mu yi shiri ba, muka fafe gora ranar tafiya. Shari'a ta yi wa tsohon da ba ya iyawa rangwame, kuma likita ya hana wasu daga cikin masu ciwon suga, musamman masu allurar insulin, amma akwai masu ƙarfin jiki da suka dage kuma aka yarda musu, bisa sharaɗin a riƙa gwada jininsu kuma su karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar gwajin suga, kamar yadda ƙa'idar likitocin ciwon suga ta tanada game da azumi. Ga waɗannan mutane manhajar ta riƙa aiko da gargaɗin ba su ci abincin safe ba, ba su ci na rana ba, ba su sha ruwa ba, har ma'aikata suka gaji suka daina duba gargaɗin gaba ɗaya, kuma wannan ya fi rashin gargaɗin haɗari, domin na gaskiya yana iya ɓacewa a cikin na banza. A mako na biyu muka yi dabarar ƙirƙirar wani sashe na daban kamar wani sabon gida, muka kwashe masu azumi zuwa can, muka mayar da abincin safe ƙarfe biyar na asuba, na rana kuma bayan faɗuwar rana. Ya yi aiki, amma bayan Sallah sai da muka mayar da kowa da hannu, kuma jadawalin cinsu na watan ya rabu da na sauran shekara. Haka nan ba ta da gurbin abincin da ke shigowa daga waje, irin masar Juma'a da maƙwabta ke aikowa, da naman layya, da shayi mai sukari da ɗan'uwa ke kawowa a ɓoye cikin fulas, alhali a gida irin namu wannan ba ƙaramin kaso ba ne na abin da ke shiga cikin mutane.

Game da kai abinci gidaje, tana buga lokacin da aka zuba a jikin kati, kuma da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ko cikin sanyi ba, wannan ya sa muka raba hanya biyu, mai keke Napep ya ɗauki nesa, ɗan kabu-kabu ya ɗauki kusa. Taswirar da ke cikinta ba ta san lungunan tsohon gari ba, don haka ba mu taɓa amfani da ita ba.

Intanet da wuta su ne sharaɗin da dole mai saye ya cika kafin ya sa hannu. Idan layi ya yanke ana iya ganin katunan da aka riga aka buɗe, amma ba a iya shigar da sabon bayani, sai a rubuta a takarda a kwafe daga baya, kuma abin da aka bari sai daga baya rabinsa ba ya shiga. Mun sa ƙaramin sola domin kwamfuta da firinta da cajin wayoyi, muna riƙe da layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban, kuma ƙa'ida ce a buga katunan gobe tun da dare. Kuɗin hayarta bisa yawan mutane ake biya kowane wata, kuma da dala aka ƙayyade shi. Wanda ya tuna cewa dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023, ta kuma haura 1,500 a 2024, ya san abin da wannan ke nufi ga gidan da ke rayuwa da zakka da gudummawa. Mun nemi a tsayar mana da farashi da naira na shekara guda, wakilin ya yarda bayan ja-in-ja, kuma ina ba duk mai saye shawarar ya nemi haka a rubuce. Wakilin yana amsa saƙon WhatsApp cikin yini, amma duk abin da ya shafi gyaran manhajar kanta sai ya tura waje, a nan kuwa sai haƙuri.

Akwai batun sirri da bai kamata a tsallake ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, namu kuwa suna ajiye ne a rumbun kamfanin a wata ƙasa. Mun karanta wa kowane dattijo bayanin da Hausa kafin mu buɗe masa shafi, wanda hankalinsa ya yi rauni kuma muka nemi waliyyinsa ko mai unguwar da ya kawo shi. Dattawa mata da dama sun ƙi a ɗauki hotonsu domin a sa a kati, muka bar gurbin ba komai, lambar ɗaki da launi suka wadatar. Abin yabawa shi ne ana iya ba kowane ma'aikaci iyakar abin da zai gani, ta yadda mai girki tana ganin “ba gishiri” ba tare da ta ga sunan cutar ba, kuma ana iya sauke dukan bayanai zuwa Excel, wanda nake yi duk ƙarshen wata saboda ranar da za mu rabu da kamfanin.

Ga gidan da mutanensa ba su wuce goma ba, kuma mai girki ɗaya ce ta san kowa da abin da yake ci, ban ga dalilin biyan wannan kuɗi ba, allo a bangon madafa da sikelin awon nauyi da littafi mai tsabta sun isa. Ga wanda ya haura ashirin, yana da ma'aikata masu karɓa-karɓa da masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon suga, zan ce ya saya, amma ya ware wata biyu na shigar da girke-girkensa, ya nemi jami'in abinci ya duba masa alƙaluman, kuma kada ya gaskata koren da take nunawa sai ya tabbatar an sa kanwa da dunƙule a lissafi. Mun sabunta yarjejeniyarmu na shekara guda, bisa sharaɗi biyu da muka rubuta wa wakilin, wato a ƙara gurbin sahur da buɗa-baki kafin watan Sha'aban, kuma a ba da damar shigar da bayani ko babu intanet. Ya amsa cewa na farkon yana cikin jerin abin da za a yi, na biyun kuma bai ce komai a kansa ba.